Shanyar ɗaka a damina: a kula da wayar wuta

Agusta ta kama, ruwa ba dare ba rana, wani lokaci a yi kwana biyu ba a ga rana ba. Mai goyo ba za ta jira gari ya washe kafin ta wanke zanen goyo da kayan jariri ba, dole shanya ta koma ɗaka. A zagayen da muke yi gida-gida ina ganin haka kullum, kuma inda ake rataya kayan shi ke tayar mini da hankali.

A gidaje da yawa wayar wuta a fili take, an ja ta daga falo zuwa uwar ɗaka a kan ƙusoshi, mahaɗarta an naɗe da salatif ko leda. An ɗauke wuta tun safe, sai uwargida ta ga waya a miƙe kamar igiya, ta ɗora mata jiƙaƙƙen zane. Na tambayi wata baiwar Allah, ta ce, "Malama, ai babu wuta." Na ce, Yaya, mai kawo ta ba ya sallama. Nauyin jiƙaƙƙen kaya yana jan waya har mahaɗar ta buɗe, ruwan wanki mai sabulu kuma yana ɗaukar wuta sosai. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. In aka kawo ta cikin dare, da asuba mace ta miƙa hannu ta ɗauko zane, ƙafa ba takalmi a kan siminti mai danshi, ta jikinta wutar za ta bi zuwa ƙasa, kuma tana iya tsayar da zuciya nan take.

Igiyar shanya ta ƙarfe ma abin tsoro ce, musamman wadda aka ɗaure a jikin kwano ko tagar ƙarfe. Waya ɗaya ta goge ta taɓa kwanon, igiyar duka ta ɗauki wuta. A sayi ta roba, a ɗaure ta nesa da soket da ƙwan fitila, yadda ɗigon ruwa ba zai sauka kan ekstenshin da ke ƙasa ba. Fanka tana busar da kaya, amma a kunna ta daga nesa, kada a yafa mata riga. A buɗe taga don danshi ya fita.

Sai dutsen guga. Ana cikin busar da rigar yaro da shi a ɗauke wuta, a bar shi a jone a kan katifa a fita. Da an ɗauke, a zare shi daga soket kafin a tashi, da busasshen hannu.

In Allah ya kawo tsautsayi wuta ta kama mutum, don Allah kada a ruƙo shi, ku biyu za ta haɗa. A kashe wutar gidan daga babban makunni. In ya yi nisa, a tsaya kan busasshen wuri a ture shi da busasshiyar tabarya ko muciya. Kada a watsa ruwa, ko gare shi ko ga soket da ya kama da wuta; yashi ake zuba wa wannan. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti ranar, domin ƙunar lantarki takan yi zurfi a ciki, bugun zuciya kuma yakan rikice daga baya. In ba ya numfashi, a fara danna ƙirjinsa, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota.