Dandazo daban, jam'i daban

Tun da kalmar "dandazo" ta kama bakin masu karanta labarai a lokacin yaƙin neman zaɓe, har yau ba su sake ta ba. Dandazon magoya baya, dandazon 'yan kallo, wannan duk babu laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ranar ƙaramar salla da na ji ana cewa a rediyo wai "dandazon masallata sun bi liman sallar Idi". Da yamma wani ya ƙara gishiri, ya ce "cincirindo". Haba jama'a! Cincirindo ai a bakin gobara ake yin sa, ko inda mota ta faɗi, ko wurin rabon shinkafa, inda kowa ke ture ɗan'uwansa yana leƙe. Mutanen da suka jeru sahu-sahu, kafaɗa da kafaɗa, ba cincirindo suka yi ba. Jam'i suka yi.

Dandazo da cincirindo yawa suke aunawa. Gangami kuwa kira ne, irin wanda a da ake kaɗa ganga a tara mutanen gari don su ji shela, shi ya sa ya dace da 'yan siyasa. Shi jam'i ba ruwansa da yawa, kuma nan ne ake tafka kuskuren.

Akwai wani garejin kanikawa a unguwarmu. Idan Azahar ta yi, sau da yawa yaran duk sun watse neman abinci, sai maigidan da ƙaramin yaronsa kaɗai. Za su wanke baƙin mai da omo, su yi alwala da buta ɗaya, su shimfiɗa kwali a inuwar wata tsohuwar mota. Yaron ya tayar da iƙama, ya tsaya a hannun daman maigidansa, ya ɗan ja baya kaɗan. Mutum biyu ke nan, liman da mamu. Wannan jam'i ne cikakke, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, cewa sallar jam'i ta fi ta mutum shi kaɗai da daraja 27, ya hau kansu kamar yadda ya hau kan masu salla a Harami. Yanzu a ce mutum ɗari sun shiga masallaci bayan an sallame, kowa ya kama kusurwarsa yana yin tasa. Sun yi yawa, sun taru a rufi ɗaya, amma ba su yi jam'i ba. Abin da ke mayar da taro jam'i shi ne bi: mutum ɗaya a gaba, ba mai riga shi ruku'u, ba mai ɗago kai kafin ya ɗago. Ko a ajin nahawu haka aka koya mana, tilo da jam'i, da zarar abu ya wuce ɗaya ya fita daga tilo.

Inda fiƙihu ya yi ƙidaya ma, ba ta burge mutane ba ce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, Juma'a tana tsayuwa da maza 12 ban da liman, su kasance tare da shi har a sallame. Shafi'awa suka ce 40. Ba wanda ya ce sai fili ya cika ya batse.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, daga tushen da ke nufin tarawa, kuma danginta sun cika mana baki: jama'a, Juma'a, jam'iyya, jami'a, har da majami'a ta 'yan'uwanmu Kirista. Ita "jama'a" yau mun sassauta ta, kowa da kowa jama'a ne, amma tana da nauyi a tarihinmu. Mutanen da suka taru wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel, suka yi hijira tare da shi zuwa Gudu a 1804, da sunan Jama'a aka san su, domin suna da jagora da abin da suka haɗu a kai. Su ma Kirista sun san wannan bambanci. Ikilisiya, wadda asalinta Girkanci ne, mutanen take nufi, ginin kuwa shi ne coci ko majami'a.

Ni abin da ke damuna, idon siyasa ne ya fara bin mu har filin Idi. An saba auna ɗan takara da yawan kawunan da ya tara, sai aka ɗauko wannan mudun ana auna ibada da shi, har ana gasar hoton wane malami ne ya fi tara mutane a Tahajjud.

Wanda ya taɓa sammakon Idi ya ga yadda abin yake. Da farko hayaniya ce, masu sayar da balan-balan, yara na guje-guje da sababbin kaya, dattawa na neman inda za su shimfiɗa darduma. A wannan lokacin ka ce dandazo, ba mai musa maka. Sai a ce a daidaita sahu, liman ya yi kabbarar harama, dubban mutane su yi tsit har kana jin kukan jariri daga can sahun mata. Raka'a biyu, a sallame, a saurari huɗuba. Cincirindon yana nan zuwa, a bakin ƙofar fita, lokacin da kowa ke neman takalminsa yana sauri ya riski hawan sarki.