Waƙar sule biyar da dokar Birtaniya ta 1911: wa ke cin kuɗin waƙa?

Jack Judge kifi yake sayarwa a garinsu Oldbury, kusa da Birmingham, kafin ya koma hawa dandamali a gidajen nishaɗin Ingila, inda leburori ke taruwa da dare, mawaƙi ya yi nasa, ɗan barkwanci ya yi nasa, 'yan kallo suna amshi. An haife shi a 1872, iyayensa 'yan asalin Ailan ne. A ƙarshen Janairun 1912, yana wasa a garin Stalybridge, labari ya nuna wani ya yi caca da shi a kan sule biyar cewa ba zai iya tsara sabuwar waƙa ya rera ta washegari ba. Ranar 31 ga wata ya hau dandamali ya rera "It's a Long Way to Tipperary". Bayan shekara biyu, a Agustan 1914, wakilin jaridar Daily Mail ya ji sojojin Ailan suna rera ta a garin Boulogne na Faransa, suna kan hanyar fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan waƙa ta fi ƙarfin mai ita.

Abin da ya sa na ɗauko labarinsa shi ne lokacin da waƙar ta fito. Majalisar Birtaniya ta zartar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Disambar 1911, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1912. Wato waƙar da dokar kusan tagwaye ne.

Kafin dokar, mai tsara waƙa a waɗannan gidaje ɗan ƙwadago ne kawai. Yakan sayar wa shahararren mawaƙi izinin rerawa a kan fam ɗaya da sule ɗaya, shi ke nan an rabu. In waƙar ta karɓu, kamfanin buga takardun kiɗa ya saye ta, don a lokacin babban ciniki a takarda yake: mutane su saya su je gida su kaɗa a fiyano. Su ma kamfanonin suna kuka da 'yan satar fasaha, masu buga kwafin jabu su baza a titi kwabo biyu-biyu, alhali na gaskiya ya haura sule. Wata doka ta 1906 ce ta fara karya lagon waɗannan, don ta sa tarar da ta kai fam 5 a karon farko, wanda ya sake kuma zai iya shan ɗaurin wata biyu.

Dokar 1911 ta fara da sauke wa marubuci wahalar rajista. Da ka tsara waƙa ka rubuta ta, haƙƙi ya tabbata, ba sai ka kai ta wani ofis a Landan ba. Ta kuma tsawaita wa'adi: duk tsawon ran marubuci, da ƙarin shekara 50 bayan mutuwarsa.

Amma inda naman yake shi ne yadda ta bayyana cewa waƙa ɗaya ƙofofin kuɗi da yawa gare ta, kuma kowace ana iya sayar da ita daban. Akwai haƙƙin bugawa a takarda. Akwai na rerawa a bainar jama'a, ko a gidan wasa ne, ko otal, ko gidan rawa. Sai sabon da aka shigo da shi, na naɗa a faifan garmaho da makamantansa. Kafin 1911 kamfanin faifai na iya ɗaukar waƙarka ya naɗa bai ba ka ko anini ba, don kotuna ba su ɗauki irin wannan naɗi a matsayin kwafi ba.

Sashe na 19 ya warware wannan da dabara mai kyau. Naɗin farko sai da yardar mai waƙa. Da zarar ya yarda an yi sau ɗaya, kowane kamfani na iya naɗa tasa, muddin ya sanar kuma ya biya kaso 5 cikin 100 na farashin kowane faifai. A 1928 aka ɗaga shi zuwa kaso 6 da kwata. Yadda ake biya ma abin kallo ne: kamfani ya sayi 'yan ƙananan kan sarki daga wakilin mai haƙƙi, ya manna ɗaya a tsakiyar kowane faifai. In ka ci karo da tsohon faifan Ingila na wancan zamani, duba kusa da ramin tsakiya, sau da yawa za ka ga ɗan kan sarkin nan manne. Shaidar an biya ke nan. Wannan tsari ya daɗe, sai dokar 1988 ta soke shi.

Haƙƙin rerawa kuwa, a takarda yana da daɗin ji, a aikace wa zai bi gidajen wasa ɗari-ɗari yana ƙirga sau nawa aka rera waƙarsa? Shi ya sa a 1914 kamfanoni da marubuta suka kafa ƙungiyar Performing Right Society, tana karɓar kuɗin lasisi daga wuraren da ake kiɗa, ta raba wa membobinta. Har yau tana nan.

To mu koma kan Judge. Da kamfanin Bert Feldman ya buga waƙar a 1912, sunaye biyu ne a kanta: Jack Judge da abokinsa Harry Williams. Har gobe ana jayayya a kan wanda ya fi hannu a ciki, dangin Williams ma suna cewa tun kafin 1912 su biyun suka tsara ta da sunan wani wurin daban a Ailan. Doka ba ruwanta da labarin caca. Wanda sunansa ke kan takarda shi take ɗauka marubuci, sai in an kawo hujjar da ta rushe hakan. Idan kuma mutum biyu suka yi aiki ya cakuɗe har ba a iya ware na wannan daga na wancan, to mallakar ta haɗin gwiwa ce.

Ga kuma tarkon da dokar ba ta cire ba: ta halatta wa marubuci ya sayar da haƙƙinsa gaba ɗaya, in dai a rubuce ne da sa hannunsa. Mai fama da kuɗin haya, aka ajiye masa 'yan fam-fam a tebur, ba ya tsayawa lissafin shekara 50. Majalisa ta san da haka, shi ya sa ta saka wani sharaɗi a sashe na 5 wanda a ganina ya fi komai tausayi a dokar: ko me marubuci ya sa wa hannu yana raye, shekara 25 bayan mutuwarsa haƙƙin zai koma hannun magadansa, su ci ragowar shekara 25. Shi dai bai ci ba, amma 'ya'ya da jikoki su samu. Kamfanoni ba su so wannan ba, kuma dokar 1956 ta cire shi ga duk yarjejeniyar da aka ƙulla daga Yunin 1957. Tsofaffin yarjejeniyoyi kuwa sun ci gaba da jawo shari'a tsakanin magada da kamfanoni har wajen 1980.

Williams ya rasu a 1924, Judge a 1938. Yau wa'adin Birtaniya shekara 70 ne bayan mutuwar marubucin ƙarshe, don haka ko da wannan ma'auni aka auna, waƙar ta zama ta kowa tun ƙarshen 2008. A Stalybridge an kafa wa Judge mutum-mutumi, yana zaune da takardar waƙa, wani soja yana leƙe ta bayansa.

Wannan doka ta taɓa mu ma. A 1912 Turawan mulki suka shimfiɗa ta har Nijeriya, kuma ita ce ke aiki har 1970, lokacin da gwamnatin soja ta fitar da tata. Wato faya-fayan garmaho na mawaƙanmu da aka naɗa kafin 1970, a ƙarƙashinta aka naɗa su.