Me ke cikin kwantenar manhaja, kuma me ke kashe ta?

Shin kwantena ƙaramar kwamfuta ce a cikin babba?

A'a, kuma daga wannan zaton ne yawancin kurakurai ke tasowa. Kwantena manhaja ce mai gudana kamar kowace, kanel ɗin Linux guda (zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar) take rabawa da duk abin da ke kan sabar, wato kwamfutar da take gudana a kai. Buga `ps`, umarnin da ke lissafa ayyukan da ke gudana, a sabar, za ka gan ta a jeri. Abu biyu suka bambanta ta. Na farko, kanel ya kewaye ta da shinge: ayyukanta kaɗai take gani, da fayilolinta, da hanyar sadarwarta. Na biyu shi ne cgroups, wanda injiniyoyin Google suka fara a 2006, ya shiga Linux a 2008. Shi ke auna mata memori da ƙarfin sarrafawa. Docker, manhajar haɗa kwantena da tayar da ita, da ya fito a 2013, sauƙaƙa aiki da su ya yi, ba shi ya ƙirƙiro su ba.

Me ya sa fayilolin da na ajiye suka ɓace?

Ƙunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi hawa-hawa ne, ba a rubutu a kansu. Siririn hawa guda ake ɗora mata a sama don rubutu, ranar da aka goge ta, shi ma ya tafi. Rumbun bayanai sai a haɗa masa ma'ajiya ta waje.

Wa ke zaɓar sabar da za ta hau idan sabobin suna da yawa?

A Kubernetes, tsarin kula da kwantenoni a kan sabobi da yawa wanda Google ya fitar a 2014, kana rubuta abin da kake so ne, a adana a etcd, rumbun bayanansa. Mai rabon aiki ya duba memori da ƙarfin da ka nema, ya zaɓi sabar da ke da wuri. Kubelet, wakilin Kubernetes a wannan sabar, ya umarci containerd, manhajar da ke kula da kwantenoni, shi kuma ya kira ƙaramar manhajar runc ta tayar da kwantenar. Kwafin etcd uku ko biyar ake ajiyewa, domin sai da rinjaye yake karɓar rubutu: uku na jure mutuwar ɗaya, huɗu ma mutuwar ɗaya kaɗai ke jurewa.

Mene ne lamba 137?

Lamba ce da kwantena kan bari idan aka kashe ta: 128 ne aka tara da 9, lambar siginar kisan nan take. Galibi kwantenar ta haura iyakar memorinta ne, kanel ya kashe ta ba gargaɗi. Ƙarfin sarrafawa ba haka yake ba. Idan ta cinye kasonta a zangon milisakan 100, dakatar da ita ake yi sai zango na gaba, sai ka ga manhaja tana jan ƙafa alhali sabar ba ta cika ba. Wadda ke yawan faɗuwa kuwa, kubelet kan jira sakan 10 kafin ya sake tayar da ita, sai 20, sai 40, har minti 5. Kafin ka taɓa komai, buga `kubectl logs --previous` ka karanta abin da ta rubuta kafin ta faɗi.

Me ya sa take daɗewa kafin ta tsaya?

Aikin da ke da lamba 1 a cikin kwantenar ake aika wa siginar tsayawa, a Kubernetes a jira sakan 30, sannan a kashe ta da ƙarfi. Idan `sh`, manhajar da ke karanta umarni, ne ya tayar da manhajarka, shi ne lamba 1, kuma ba ya miƙa mata saƙon, sai a yanke ta tana tsakar aiki. Sa `exec` a gaban umarnin, manhajar ta karɓi siginar da kanta.