Tsuntsun Ƙyalle a Matsayin Goron Sallah: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na rataya wata 'yar zabuwa ta ƙyalle a jikin keken ɗinkina a nan Yelwa, cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, duk wadda ta kawo ɗinki sai ta taɓa ta, ta matsa cikinta, sannan tambaya ta biyo baya. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Daga ina wannan sana'a ta samo asali?

Irin na ratayawa dai daga Turai ya zo, inda ake ƙawata bishiyar Kirsimeti da 'yan tsuntsaye da taurari. Maƙwabtanmu Kirista a Garwa da Marwa su ma suna yi idan 25 ga Disamba ta matso, kuma a gidan wata abokiyar sana'a na fara ganin sa. Ni sai na juya shi zuwa namu: abin da za a miƙa wa yaro ranar Sallah tare da alewa, maimakon 'yan kuɗin da ba sa kai la'asar a hannunsa.

Anti, ba a hana yin siffar abu mai rai ba?

Wannan ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya mata. Abin wasan yara yana da asali a Sunna. Nana A'isha ta kasance tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa sukan yi wa 'ya'yansu abin wasa da gashin tumaki ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa sai a ba shi ya shagala har a sha ruwa. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka hana shi ne siffar mai rai wadda take da inuwa kuma ta cika gaɓoɓinta, aka togace 'yar tsanar yara. Saboda haka inda ake da magana shi ne babba ya rataya ta a ɗaki don ado. Ni yara nake ɗinka wa tsuntsu. Idan na manya ne, tauraro nake yi ko ganye, ko 'yar matashin soka allura, hanyar ɗinkin duk ɗaya ce. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba, ta tambayi malamin unguwarsu kafin ta ɗauki almakashi.

Wane ƙyalle ya fi dacewa?

Atamfa, ba tare da wani dogon zance ba. Auduga ce, tana riƙe ɗinki, ba ta zamewa a hannu. Ragowar zanen 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, da ake bugawa kowace shekara ma yana yi, sai dai ki kauce wa wurin rubutun, kada ki wayi gari tsuntsunki na ɗauke da rabin kalmar Faransanci a ƙirji. Ki wanke ƙyallen tukuna ki goge, don sitaci ya fita, ki kuma ga ko yana zuba. Shadda tana da sheƙi amma bakinta na warwarewa a ɗan ƙaramin aiki irin wannan. Leshi kuwa ki bar shi, auduga za ta riƙa leƙowa ta hudojinsa.

Kada ki sayi yadi don wannan. Buhun da ke ƙarƙashin teburin kowane tela cike yake da abin da kike nema.

Yaya ake yankawa da haɗawa?

Zana tsuntsun a kwali kamar kina kallon sa ta gefe, tsawon santimita 10 zuwa 12 daga baki zuwa jela. Kada ki yi masa siririn wuya, don wurin juyawa za ki yi da-na-sani. Ninka ƙyalle fuska da fuska, ɗora kwalin, bi gefensa da alli, sannan ki yanka kina barin rabin santimita a wajen layin. Ɗinka a kan layin da ƙananan taku, ki bar ƙofa kamar santimita 3 a ƙasan ciki. Zaren ratayawa a tsakanin ƙyallen biyu ake sa shi tun yanzu, madaukin na kallon ciki, kullin na waje a gadon baya, ta yadda in an juya zai fito daram.

Ga abin da sababbin hannu ke tsallakewa: kafin ki juya, ki bi duk inda ɗinki ya lanƙwasa ki ɗan tsattsaga bakin ƙyallen da tsinin almakashi, ba tare da kin taɓa zare ba. In ba ki yi haka ba wuyan zai tattare kamar na tsohuwar kaza. Bayan juyawa, ki tura baki da jela da gindin fensir. Fiffike daban ake yin sa da wani launi, a ɗora da hannu.

Da me ake cikawa?

A nan Allah ya huwace mana. Ƙasar auduga muke, hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON ma a Garwa take tun kafa kamfanin a 1974. Amma lallai ki nemi wadda aka gurje. In akwai angurya a ciki za ki ji ƙulli-ƙulli, kuma man da ke cikinta na iya ɓata ƙyalle. Audugar rimi, ta cikin matashin kakanninmu, ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa, sai dai tana tashi ta shiga hanci, tana kuma kama wuta da wuri, don haka kada a bar ta kusa da murhu ko kaskon turare.

Hatsi kam a'a. Na taɓa zuba gero a cikin wasu kurciyoyi shida don su yi nauyi su zauna da gindinsu, na adana a kwalla. Ana jibi Sallah na buɗe, na tarar ɓera ya riga yara karɓar goronsa.

Cusawar ita ce rabin aikin. A tsinke audugar ƙanana-ƙanana kamar girman goro, a fara da kai, a danna da tsinke har ya yi tauri, sai jela, ciki ya zo ƙarshe. Wadda ta tura dunƙule ɗaya don sauri za ta samu kai a lanƙwashe, ciki kamar na mai kumburi. Idan kika matsa shi ya dawo da kansa, ya ƙoshi. Sai ki lanƙwasa leɓen ƙofar ciki, ki rufe da allura kina ɗaukar zare kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ki ja ɗinkin ya ɓuya.

Wane tsuntsu zan fara da shi?

Kurciya, don jikinta sumul ne. In hannu ya faɗa sai zabuwa: ƙyalle mai duhu da ɗigo-ɗigon fari, ɗan ja a kai, an gama, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Gauraka, mai tukkun nan da ake gani a dajin Waza, ta fi su kyau duka, ana yi mata tukku da zare rawaya a tsefe shi, amma dogon wuyanta ba na ɗan koyo ba ne.

Ido fa, maɓalli ko dutsen ado?

Ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ko ɗaya. Komai baki yake kaiwa. Ki yi idon da baƙin zare, kulli biyu a wuri ɗaya, zaren ratayawar kuma gajere, wanda ba zai shiga wuya ba.

Yaushe ya kamata a fara?

Ki karɓi ƙyallen a goman farko na azumi, lokacin da teloli ke ta yanka kuma buhunsu na cika. A goman ƙarshe kada ma ki doshi shagon, ko gaisuwa da ƙyar za a amsa miki. Ɗaya ko biyu bayan asham ya isa. In kin samu ragowar atamfar da aka ɗinka wa yarinyar da za ki ba, ki yi nata da shi. Bara 'yar ƙanwata ta gane zanen rigarta a jikin zabuwar, ta ƙi yarda a rataya, a ɗaure a bakin gyalenta ta je gaisuwar Sallah gidan kakarta.