Bakin busa ya maƙale, bawul ya ƙi tashi: tambayoyin 'yan badujala

Duk shekara in faretin 27 ga Mayu ko na 1 ga Oktoba ya matso sai a buɗe sito a fito da kayan busa na makaranta, su bigila da turamfet, a tarar rabi sun cije. Ga abin da aka fi tambayata.

Malam, bakin busa ya ƙi fita, in sa masa filaya?

A'a dan Allah, kar ka soma. Bututun da bakin nan ke shiga siriri ne sosai kuma da dalma aka liƙe shi a jikin kahon, to in ka kama da filaya ka murɗa, bakin yana nan daram, bututun ne zai murɗe ko liƙin ya ɓalle, ka ga ƙaramin aiki ya koma babba. Na taɓa riƙe wani turamfet da aka yi wa haka, wallahi har yau abin na min ciwo, don lafiyarsa ƙalau kafin a taɓa shi. Masu gyara suna da wani ɗan ƙarfe mai sukurori da ke turo bakin a miƙe ba murɗawa. In babu shi kusa, ɗiga kananzir a mahaɗar ka bar shi ya kwana, da safe ka ƙwanƙwasa gefen a hankali da ɗan katako, ka ja da hannu. Ya ƙi? A kai wa mai gyara.

Kuma a hana yara dukan bakin da tafin hannu don su ji ya yi ƙara, yawanci daga nan ne. A sa shi a ɗan juya kaɗan ya isa, in an gama a cire.

Bututun da ake ja a daidaita murya fa?

Shi ma kananzir da haƙuri, wani sai ya yi kwana biyu yana sha. Sai ka zura tsumma ta cikin lanƙwasar ka ja a miƙe. In na jikin bawul ne, wato maɓallan nan da ake dannawa da yatsa, ka danna bawul ɗin kana ja, don iska na riƙe shi. Kar a kai wa mai walda, wutarsa za ta narkar da dalmar ta ƙone sheƙin. In ya fito a wanke tas a shafa giris.

Wane mai zan sa wa bawul?

Man bawul, mai ruwa-ruwa. Man gyaɗa yana yin danƙo, baƙin man mota ya yi kauri. Lokacin hunturu ƙura na shiga ta haɗu da mai ta zama kamar taɓo, shi ya sa ƙara mai kawai ba ya magani, sai ka zare ka goge da tsumma mai laushi tukuna. Abin da na fi jin tsoro shi ne sanfefa ko Brasso, ruwan goge ƙarfen nan, a jikin bawul, suna cin ƙarfen, iska ta riƙa zurarewa ta gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Bawul uku ne a turamfet, akwai lamba 1, 2, 3 a jikinsu, kowa ya koma ɗakinsa, ka juya har ka ji ya zauna. In ka busa iska ta ƙi wucewa, an musanya su ne ko ɗaya bai zauna daidai ba.

Ana wanke shi da ruwa?

Sosai ma, kamar duk wata biyu ko uku. Ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke-wanke, tafasasshe yana ɗaye sheƙin. A cire bawul a ajiye gefe kar ɗan audugan samansu ya jiƙe, a bar komai ya bushe kafin a haɗa.

Na ga jajayen ɗigo a bututun gaba da bakin busa ke shiga, tsatsa ce?

Tagullar ce ke ciwo daga ciki. Ƙarfen nan haɗi ne na jan ƙarfe da zink, yawu da damshi ke cinye zink ɗin su bar jan, a hankali wurin ya huje. Ba a goge shi, in ya huje sai faci ko sabon bututu. Wanda ya ci goro ko ya sha zobo ya kurkure baki kafin ya busa, in ya gama ya buɗe ɗan makullin zubar da ruwan da ke jikin bututun ya hura ya zubar kafin ya mayar da kahon akwati.