Haɗa karatun intanet da na aji a fannin aikin jin daɗin jama'a a jami'o'in ƙasar Sin

Wannan tsari ne da ake raba darasi gida biyu, ɗalibi ya kalli lacca a waya ko kwamfuta a lokacin da ya ga dama, sannan a haɗu a aji ido da ido a tattauna a kuma gwada aikin. A Sin fannoni da dama na yin haka, amma a aikin jin daɗin jama'a abin ya fi wuya, don sana'a ce ta zama da mutum, tsoho ko yaron da iyayensa suka tafi birni neman kuɗi suka bar shi a ƙauye.

Fannin kansa ya sha faɗi tashi. An fara koyar da shi a Jami'ar Yenching a shekarun 1920, aka soke shi a 1952 lokacin da aka sake fasalin jami'o'i, sai a ƙarshen shekarun 1980 ya dawo, Jami'ar Peking na cikin na farko. Ƙungiyar malaman fannin ta ƙasa ta kafu a 1994.

Ta ɓangaren intanet kuwa, Jami'ar Tsinghua ta buɗe XuetangX, wani dandalin kwasa-kwasai na intanet, a 2013, sannan a 2019 ma'aikatar ilimi ta ce kwas ɗin da za a amince da shi a matsayin haɗaɗɗe mai daraja ta ɗaya, wato mai haɗa intanet da aji, sai an ware kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na lokacinsa ga karatun ɗalibi shi kaɗai a intanet. Da korona ta zo a farkon 2020 aka rufe makarantu amma aka ce karatu ba zai tsaya ba, nan fa malamai suka koma koyarwa ta manhajoji irin su Tencent Meeting da DingTalk da Rain Classroom, wasu ɗaliban ma aikin gwajinsu a guruf ɗin manhajar hira ta WeChat suka yi shi suna ba mutanen da ke kulle a gida shawara.

Tarihi da dokoki da manufofin gwamnati duk suna shiga bidiyo lafiya lau, har ɗalibin da ke yammacin ƙasar inda ƙwararrun malamai suka yi ƙaranci ya samu laccar farfesan Beijing, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Amma koyon sauraren mai damuwa, da gane abin da shirunsa ke nufi, da shiga gidan mutane da ladabi, gaskiya waɗannan sai a aji da kuma cibiyoyin unguwa inda ɗalibi ke shafe ɗaruruwan awoyi a ƙarƙashin mai duba shi. Ga kuma batun sirrin waɗanda ake taimaka wa, don labarin da aka tura a guruf da wuya a iya janye shi.