Ma'anar "Allah ya ƙara"

Bahaushe yana cewa "Allah ya ƙara" idan masifa ta faɗa wa wanda ake ganin shi ya nemo ta da ƙafarsa. An hana yaro wasa da wuta, ya ƙi ji, ya ƙone yatsa, sai uwa ta ce Allah ya ƙara, alhali hannunta na kan man shafawa. A nan tsawatarwa ce kawai. Abin da ke damuna shi ne yadda maganar ta bi mutane har kan makara.

Dattijo ya rasu a Asibitin Murtala, kowa sai "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta". Amma a ce an sari matashi a faɗan daba, ko jama'a sun rutsa da mai ƙwacen waya, kafin a ji sunansa an ce Allah ya ƙara, maganinsa ke nan. Tambayar farko ita ce me ya kai shi, kuma da amsar ake auna tausayin da za a ba shi.

A Oktoban 2024 tankar mai ta kife a Majiya, jihar Jigawa, wuta ta cinye fiye da mutum 150, yawancinsu masu kwasar fetur. A majalisun Kano na sha jin "wa ya aike su?" Kaɗan ne suka tuna cewa litar fetur ta haura naira 1,000 a lokacin.

Na san zafin wanda aka nuna wa wuƙa aka karɓe masa waya, ba na raina shi. Sai dai Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Matar nan ta ƙabilar Gamid da aka yi wa haddi, da Khalid bin Walid ya zage ta Annabi ya kwaɓe shi, sannan ya yi mata salla.

A layinmu an yi makokin wani yaro da daba ta ci. Tabarma biyu aka shimfiɗa a ƙofar gida, ɗaya ta wuni babu kowa a kai. Duk wanda ya doso wurin sai mahaifin ya gyara zama, ya zaci mai ta'aziyya ne, mutumin ya sunkuyar da kai ya wuce.